Kofin Duniya na 2022 a Idon Injiniya: Me Za Mu Koma Gida da Shi?

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyarmu, ɗalibin digiri na uku a fannin injiniya, ya gabatar a zaman da ɗalibai suka yi a Doha.)

 

An ce in yi magana a kan Gasar Cin Kofin Duniya da aka yi a wannan gari daga 20 ga Nuwamba zuwa 18 ga Disamba, 2022. To, a ɗakin nan akwai waɗanda suka fi ni sanin ƙwallo nesa ba kusa ba, saboda haka ba zan daɗe a kan wa ya ci wa ba. Zan tsaya ne a inda karatuna ya tsaya: yadda aka gina gasar, wa ya gina ta, da abin da ya rage bayan baƙi sun watse.

Amma bari mu ɗan tuna, don kada a ce na hana mutane jin daɗi. Ƙasashe 32, wasanni 64, filaye 8, ƙwallaye 172. Saudiyya ta doke Ajantina 2-1 a Lusail. Mohammed Kudus, yaron unguwar Nima ta Accra inda Hausa take harshen titi, ya zuba wa Koriya ta Kudu biyu a filin Education City. Vincent Aboubakar, wanda ya taso a ƙungiyar Coton Sport ta Garwa, ya ci Brazil da ka, ya tuɓe riga, alƙalin wasa ya ba shi jan kati yana murmushi. Maroko ta fitar da Sifaniya, ta fitar da Fotugal, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Kuma duk ƙasashen Afirka biyar da suka zo, 'yan ƙasa ne masu horar da su. Sai wasan ƙarshe, Ajantina da Faransa 3-3, aka raba gardama da bugun fenariti 4-2. Mu kuwa 'yan Najeriya, kun san yadda Gana ta yi mana a Abuja ranar 29 ga Maris na shekarar. Kada mu tada tsohon miki.

Akwai wani tarihi da ya haɗa mu da garin nan wanda da yawanmu ba a haife mu ba lokacin da ya faru. A 1995 Najeriya ce aka ba wa gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20. Ana dab da farawa, FIFA ta janye ta, ta kafa hujja da fargabar annobar sanƙarau. Ina aka kai ta? Nan Doha. Cikin 'yan makonni Katar ta karɓa, aka buga a watan Afrilu, Ajantina ta ci Brazil 2-0 a filin Khalifa. Najeriya ta samu tata damar a 1999, aka buga a birane takwas, ciki har da Kano da Kaduna da Bauchi. Sifaniya ce ta ɗauki kofin a Legas, kuma a cikin yaranta akwai Xavi, wanda daga baya ya zo ya yi wa Al Sadd wasa, har ya horar da ita. Ka ga ke nan a ƙarshen shekarun 1990 mu da Katar kusan ajinmu ɗaya a wajen karɓar baƙuncin gasa. Tambayata ita ce, daga ina hanya ta rabu?

Na san amsar da ke bakin kowa: kuɗin gas. Gaskiya ne, kuma ba wanda zai raina shi. Sai dai kuɗi ba ya sanyaya fili da kansa, sai an samu wanda ya zauna ya yi lissafi. A nan ne nake so mu tsaya.

Ranar 2 ga Disamba, 2010 aka ba Katar gasar, a kan cewa da bazara za a buga, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Daga baya aka mayar da ita hunturu, amma aikin sanyaya filaye bai tsaya ba. Wanda ya jagoranci aikin malami ne a Jami'ar Katar, Dokta Saud Abdulaziz Abdul Ghani, haifaffen Sudan. Ku riƙe wannan: ɗan Afirka ne, daga ƙasar da zafinta bai bambanta da na Sakkwato ba.

Yaya ake sanyaya ginin da samansa a buɗe yake? Dabarar ita ce kada ka yi ƙoƙarin sanyaya ginin gaba ɗaya. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, don haka ƙasa take kwanciya, kamar ruwa a cikin kwano. Abin da ake buƙata shi ne a sanyaya inda mutum yake kawai: saman ciyawa inda 'yan wasa ke gudu, da wurin zaman 'yan kallo. Sai aka sa ƙananan kafofi a ƙarƙashin kujeru suna hura sanyi a ƙafafun mutane, aka jera manyan bututu a gefen fili. Iskar da ta fara ɗumi sai a janyo ta, a tace ƙura, a bi da ita ta jikin bututun ruwan sanyi, a sake turo ta. Wato ba sabuwar iskar waje mai zafi ake ta faman sanyayawa ba, wadda ke ciki ake juyawa.

Babban abokin gaban wannan tsari shi ne iskar waje da za ta faɗo ta rufi ta kwashe sanyin. Shi ya sa kafin a gina, aka ƙera ƙananan samfuran filayen, aka sa su a ramin gwajin iska, aka hura musu hayaƙi don a ga ta ina iska ke shiga, aka gyara siffar rufin. Filin Al Bayt, wanda aka yi wa siffar tantin Larabawan ƙauye, har launin jikinsa sai da aka sauya zuwa mai haske don ya rage shan zafin rana. Filaye bakwai cikin takwas ne ke da wannan tsari. Kuma ba a yi wa fasahar rajistar mallaka ba, kowa na iya ɗauka ya yi amfani da ita.

To shin sai mu kwafo ta mu kai Kano? A'a. Wannan tsari wuta yake ci ba kaɗan ba. Katar ta buɗe tashar hasken rana ta Al Kharsaah mai megawat 800 a watan Oktoban 2022, ga kuma gas a bayanta. Mu da asibiti ke neman wutar tiyata, ba za mu hura sanyi a ƙafar ɗan kallo ba. Kuma zafinmu daban ne. Na Doha yana zuwa da laimar teku, gumi ba ya bushewa. Na Kano da Katsina da Maraɗi a watan Maris da Afrilu busasshe ne, kuma busasshen zafi yana da magani mai arha wanda kakanninmu suka sani: randa. Ruwan da ke tsatsowa ta jikin randa yana bin iska, yana tafiya da zafin. Da wannan ilimin ne Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan gwari, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Haka soron ƙasa mai kaurin bango, ka shiga da azahar ka ji kamar an sauya maka gari. Abin da za mu ɗauka daga Dokta Saud ba bututunsa ba ne. Tambayarsa ce: ina mutum yake, yaya iskar wurin take, mene ne mafi ƙarancin abin da zan kashe in ba shi sauƙi? Wanda ya iya wannan tambaya zai iya zana ajin firamare, ko ɗakin haihuwa, ko rumfar kasuwa da ba za ta gasa mutane ba.

Abu na biyu ya fi nauyi, amma idan na tsallake shi ban yi wa sana'ata adalci ba. Waɗannan filaye, da jirgin ƙasan da muke hawa kullum mai layi uku da tashoshi 37, hannun baƙin ma'aikata ne ya gina su: daga Nefal, Indiya, Bangaladash, Fakistan, Kenya, Yuganda, Gana da sauransu. Wasu ba su koma gida da rai ba. Nawa ne? An yi ta jayayya. Jaridar Guardian ta Ingila ta buga a 2021 cewa fiye da mutum 6,500 'yan ƙasashen Kudancin Asiya biyar sun rasu a Katar tun daga 2010, amma wannan adadi ya haɗa kowace irin mutuwa, ba ta wurin gini kaɗai ba. Masu shirya gasar sun ce uku ne suka mutu a bakin aikin filaye, 37 kuma ta wasu dalilai. Ana tsakiyar gasar, shugaban kwamitin shiryawa Hassan Al Thawadi ya ambaci tsakanin 400 da 500 a ayyukan da suka shafi gasar. Ku dubi tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma. Mu da aka koya wa cewa abin da ba a auna ba ba a iya gyara shi, ya kamata wannan tazara ta dame mu.

An kuma yi gyara, adalci ne a faɗa. A 2020 aka soke sharaɗin neman izinin ubangida kafin ma'aikaci ya sauya aiki. A 2021 mafi ƙarancin albashi ya fara aiki, riyal 1,000 a wata, da 500 na masauki da 300 na abinci idan kamfani bai bayar ba. A shekarar ce kuma aka hana aiki a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Kafin mu nuna wa wani yatsa, mu tambayi kanmu: leburan da ke ɗaukar kwanon kankare yana hawa bene da silifas a garuruwanmu, a tsakiyar Afrilu, wani lokaci ma da azumi a bakinsa, wace doka ce ke ce masa ya shiga inuwa? Gobe wasunmu ne za su riƙe irin waɗannan wuraren aiki. Ba sai mun jira majalisa ba kafin mu ajiye ruwan sha, mu kafa rumfa, mu mayar da zuba kankare zuwa asuba, mu rubuta sunan duk wanda ya ji rauni. Wannan a hannun injiniyan da ke wurin yake.

Abu na uku shi ne washegarin biki. Filin 974, wanda aka gina da kwantenoni 974, lambar kiran wayar ƙasar nan, an tallata shi a kan cewa za a kwance shi bayan gasa a kai wani wuri. Shekara biyu bayan haka yana nan tsaye, har an buga wasanni a cikinsa a Disamban 2024. Wato ko a nan, zana alƙawari ya fi cika shi sauƙi. Duk da haka filayen ba su zama kufai ba. A farkon 2024 aka buga Kofin Asiya a yawancinsu, kuma Katar, wadda ta sha kashi a duk wasanninta uku a 2022, ta ci Jodan 3-1 a Lusail ta riƙe kofin. FIFA ta kuma ba ƙasar gasar 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar a jere, daga 2025 zuwa 2029.

Mu waiwaya gida. Babban filin Surulere na Legas, inda aka buga wasan ƙarshe na Kofin Afirka a 1980 da 2000, ya shafe shekaru a yashe. Wasannin gida na Najeriya na neman gurbin Kofin Duniya na 2026 a Uyo aka riƙa buga su. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa sai da suka je Maroko suka karɓi baƙi, saboda filin Yamai bai cika sharuɗɗan hukumar ƙwallon Afirka ba. Ba ginawa ce ta gagare mu ba, mun gina a 1999, mun sake gyarawa a 2009 don gasar 'yan ƙasa da 17. Riƙewa ce ta gagare mu. Ciyawa tana son ruwa kullum, famfo yana son mai duba shi, fitila tana son kayan canji a sito, kuma duk wannan yana son layi a kasafin kuɗi na kowace shekara. Ba a yanka zare don an canza bawul, shi ya sa ba mai son aikin. Amma a nan hanyarmu ta rabu da ta garin nan, tun kafin a zo maganar yawan kuɗi.

Saboda haka roƙona gare mu, musamman ƙannena da suka shigo bana: idan an kai ku ziyarar karatu irin waɗannan wurare, ku ɗauki hoto, ba laifi, amma ku nemi a kai ku ɗakin injina. Ku tambayi mai kula da wurin sau nawa yake wanke matata, nawa wuta take ci a wata, me ya fi lalacewa. Kuma duk zanen da za ku miƙa, a aji ko a ofis, ku haɗa shi da shafin da ke cewa wa zai kula da shi, da nawa, har shekara nawa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Katar ta yi shekara 12 tana fafe nata don kwana 29. Mu ma zamanmu a nan fafe gora ne, kuma akwai mutane a gida da ke jiran su sha ruwa a cikinsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu a wajen neman halal, Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya mayar da mu gida lafiya.