Turjiyar Waya Da Gobarar Lantarki: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

Ko wace shekara in hunturu ya kama, rahoton gobara ya kan yawaita a gaban hakimai. Sau da yawa kuwa abin da malami ke rubutawa a wurin dalili bai wuce kalma uku ba, watau "matsalar wutar lantarki". Wannan bai isa ba. Lantarki ba ya cinna wa rumfa wuta haka kawai. Akwai sanadi, yana kuwa cikin darussan farko da a ke koya wa yaran Kwalejin Barewa da sauran makarantun Zariya a ajin kimiyya. Sunan darasin turjiya.

An ari kalmar nan ne daga halin dabba, sa'ad da a ke janta ita kuwa ta kafe ƙafa. Haka ko wane abu ya ke yi wa lantarki in za ya ratsa shi, sai dai wani ya fi wani taurin kai. Azurfa ta fi kome sauƙin hali, jan ƙarfe na bi mata, shi ya sa a ke yin wayar gida da shi. Turjiyar alminiyam ta fi ta jan ƙarfe da rabi da 'yan kai, ta baƙin ƙarfe kuwa ta ninka ta wajen sau 6. Roba da busasshen katako kusan ba su ba da hanya sam.

Ban da irin ƙarfen, tsawo da kauri su ma suna da hannu. A tuna da Ƙofar Doka a zamanin da ganuwa ke tsaye, ran da ayari ya taso daga Tudun Wada za ya shiga birni. In ƙofa ta yi faɗi, jama'a su wuce salin alin. In ta yi ƙunci, sai turereniya da gumi. Siririyar waya ƙuntatacciyar ƙofa ce, gumin kuwa shi ne zafin da waya ke ɗauka. In aka ninka tsawon waya, turjiya ta ninku. In aka ninka yawan ƙarfen da ke bakinta, turjiya ta ragu da rabi.

Wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Simon Ohm, shi ya tsara lissafin abin a littafin da ya buga a 1827, don haka a ke kiran ma'aunin turjiya da sunansa, om. Ƙarfin da ke tura lantarki da bolt a ke auna shi, yawan wanda ke gudu cikin waya kuwa da amfiya. Ƙa'idar ba wuya: a raba bolt da om, abin da ya fito shi ne amfiya. Wutar gidajen Nijeriya bolt 230 ce. Dutsen guga mai turjiya om 46 za ya ja amfiya 5 ke nan. A cikin dutsen guga da hita da gangan a ke sa waya mai turjiya, gama zafin a ke bukata. Ɓarna tana zuwa ne sa'ad da zafin ya tashi a wurin da ba a gayyace shi ba.

A nan ne ya kamata malamai su kasa kunne. James Joule, mutumin Ingila, ya gano tun wajen 1840 cewa zafin waya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da amfiya, tsalle ya ke yi. In amfiya ta ninka sau 2, zafi ya ninka sau 4. In ta ninka sau 3, zafi sau 9.

A ɗauki misalin mai shago a kasuwar Tudun Wada, wanda ya jawo wuta daga wurin maƙwabci mai nisan mita 50, da siririyar wayar jan ƙarfe mai bakin milimita 1 murabba'i. Zuwa da komowa mita 100 ke nan, turjiyarta wajen om 1.7. In kayansa suna jan amfiya 10, bolt 17 sun salwanta a hanya, wayar kuma tana fid da zafi na wat 170. Sai ɗan'uwansa mai firji da mai injin niƙa su ce a taimaka musu, shi kuwa kunya ta hana shi ƙi. Amfiya ta kai 20, zafi ya haura wat 680, duk a jikin wayar da ke kwance bisa azara da buhuna. Robar jikinta ta yi laushi, ta tsage, wayoyi biyu su haɗu. Da ya sayi mai bakin milimita 2.5 tun farko, da zafin bai kai rabin haka ba. Araha ba ta ado, a wannan wuri kuwa har rumfa ta kan ci.

Mahaɗa ta fi wannan haɗari. Inda aka murɗe waya biyu da hannu aka naɗe da leda, ko inda soket ya yi lako-lako, ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe sosai, tsatsa kuma ta shiga tsakani. Turjiya ta taru a wuri ɗaya da bai fi kan yatsa ba, zafi duka ya taru a nan. Irin wannan ta kan yi aikinta da dare, bayan an rufe kasuwa.

Fis kuwa an yi shi ne don ya mutu a madadin gida. Siririyar waya ce wadda ke narkewa da zarar amfiya ta wuce kima. Wanda ya gaji da sayen fis ya ɗaura kakkaurar waya ko ƙusa a gurbinsa, ya kori mai gadi ne don yana ta da shi daga barci.

Masu aikin wuta na ƙasa da wannan lissafi su ke aiki. Wutar madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968, a bisa bolt 330,000 a ke ɗauko ta, ta iso Zariya a bisa 132,000, sa'an nan taransifoma su yi ta rage ta har ta kai 230. In bolt ya yi yawa, amfiya kaɗan ta isa ɗaukar kaya iri ɗaya, don haka hasarar hanya ta ragu ƙwarai. Gidajen da ke ƙarshen layi, nesa da taransifoma, su ne fitilarsu ke yin ja kamar ta aci-balbal da magariba, gama sashen ƙarfin ya ƙare a doguwar waya.

Jikin ɗan Adam ma yana da tasa turjiya. Busasshiyar fata ta kan kai om dubbai masu yawa, jiƙaƙƙiya kuwa ta kan faɗo wajen 1,000. Kashi ɗaya cikin goma na amfiya, in ya ratsa ƙirji, ya isa ya rikita bugun zuciya. Lalle a gargaɗi ladanai da masu kula da masallatai, kada wanda ya fito alwala ya taɓa makunni ko wayar lasifika kafin hannunsa ya bushe.

Ana roƙon hakimai su umurci dagatai da masu unguwa da sarakunan kasuwa su zaga rumfuna kafin iska ta fara kaɗawa, tare da ƙwararren mai aikin wuta. Wayar da aka taɓa robarta aka ji ɗumi, ko soket da ya yi baƙi, ko wurin da a ke jin ƙaurin roba, a kashe wutarsa nan take. In kuwa gobara ta riga ta auku, malami ya rubuta kaurin wayar, da nisan inda aka jawo ta, da yawan kayan da ke kanta, da abin da aka tarar a gurbin fis.