Ƙasa Ma Tana Jin Yunwa

 

A gidajenmu da yawa kukan ɗaya ne: gonar da takan cika rumbun kakanninmu, yanzu hatsinta ba ya kai mu damina. Wani ya ce maita ce, wani ya zargi maƙwabcinsa, zumunci ya lalace. Amma sau da yawa ƙasar ce take jin yunwa.

A Littafin Firistoci sura 25, Allah ya umarci Isra'ilawa su yi noma shekara 6, a ta bakwai su bar ƙasa ta huta. Ba su kiyaye ba. Littafin Tarihi na Biyu sura 36 ya nuna mana cewa sai da aka kwashe su zuwa bauta a Babila, sa'an nan ƙasar ta sami hutunta, har shekara 70. Ashe Allah yana lura da yadda muke riƙon gona.

Kowane buhun masara da muka kai gida, abincin ƙasa ne muka kwashe. Manyan abincin shuka uku ne, su ne haruffan NPK da muke gani a buhun takin zamani. Idan babu naitirojin, ganyen masara na ƙasa yakan zama rawaya. Idan babu fosfaras, ganye yakan yi ja-ja, saiwa ta kāsa ƙarfi. Idan babu fotash, bakin ganye yakan bushe kamar an ƙona shi. Wuta-wuta kuma ta fi son gonar da ta gaji.

Yau gonaki sun yi mana kaɗan, ba kowa zai iya barin tasa ta huta ba. To, me za mu yi? A Luka sura 13, mai lura da gona bai yarda a sare ɓauren da ba ya 'ya'ya ba. Ya roƙi a ƙara masa shekara ɗaya, ya tone gindinsa, ya zuba taki. Mu ma mu yi haka. Mu tara kashin shanu, na awaki da na kaji, da tokar murhu, mu kai gona. Mu daina ƙone kara da ciyawa, gama wuta tana cinye abin da zai ruɓe ya zama taki. Inda muka shuka masara bana, baɗi mu sa wake, gyaɗa ko waken soya, domin saiwarsu tana ƙara wa ƙasa naitirojin. In mun sayi yuriya, mu binne ta, kada rana da ruwa su tafi da kuɗinmu.

Gonar nan amana ce. Daga hannun iyayenmu muka karɓa, 'ya'yanmu kuma suna jira. Zuciyarmu ma haka take: in ba a ciyar da ita da Maganar Allah ba, ba za ta ba da amfani ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka gafarta mana inda muka ci ƙasa ba mu mayar mata da kome ba. Ka sa mu zama amintattun masu riƙo, ka albarkaci aikin hannuwanmu. A cikin sunan Yesu, amin.