Masu Kwana Ƙarƙashin Gada Da Ƙofar Asibiti

Batun yau shi ne na mutanen da ba su da muhalli, da yadda ɗakin shan magani ke yi musu nisa ko da yana bakin titin da suke kwana.

A 1978 ƙasashen duniya suka hallara a Alma-Ata, suka amince a kai kiwon lafiya matakin farko ga kowane mahaluki. Marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, da ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗora wannan aiki a wuyan Ƙananan Hukumomi. Tsari ne mai kyau, amma fa don mai gida da unguwa aka yi shi. Ma'aikaciyar rigakafi gida-gida take bi, tana sa alama da alli a bango. To, wanda ke kwana ƙarƙashin gadar Obalende ko Ijora a Ikko, wane bango za a sa wa alama?

A dubi tarin fuka. Maganinsa kyauta ne, sai dai wata 6 ake sha ba fashi, kuma asibitin da aka yi wa mutum rajista shi ke ba shi. Ɗan dako ya sha wata biyu, tari ya lafa, sai hukuma ta rushe rumfarsa, ya koma Agege ba takarda a hannu. Ciwon yakan dawo, wani lokaci ya daina jin magani, ga kuma waɗanda suke kwana kafaɗa da kafaɗa da shi suna shaƙa.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kiwon lafiya na farko, ta inshora ta 2022 kuma ta tanadi asusun marasa galihu. Amma galibi rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau abin da mai kwana a waje ya fi rashi.

Hanya ba ta ɓata ba. Mabarata a Okobaba, Ebute Metta, suna da sarakunansu na makafi da na guragu, waɗanda suka san mutanensu ɗaya bayan ɗaya. Kamata ya yi a karɓi shaidarsu a madadin adireshi, a riƙa tura malaman asibiti da almuru sa'ad da jama'a suka dawo daga nema, kana a ba mai tarin fuka katin da kowane asibiti zai karɓa.