Tarkon Zare Domin Kama Hodar Iblis

Ma'aikacin kwastan da ya ci karo da farin gari a akwatin matafiyi yana bukatar sanin gaskiya nan take: hodar iblis ce, ko kuwa? Tsohon gwajin da aka saba, na ruwan maganin da kan rikiɗe ya zama shuɗi, yakan ruɗe da waɗansu magunguna na halal, har a tsare marar laifi.

A shekarar 1990 masana a Amurka suka nuna cewa gajeren zare na sinadarin gado yana iya naɗewa ya cafke abu guda, kamar yadda kube ke riƙe wuƙa. Suka raɗa masa suna aftama. Ba zana shi ake yi ba, tankaɗe ake yi: a zuba zaruruwa miliyoyin miliyoyi a kan abin da ake nema, a wanke waɗanda ba su kama ba, a hayayyafa sauran, a sake.

Wajen shekarar 2000, Milan Stojanovic na Jami'ar Kolombiya a birnin New York ya fito da zaren DNA mai kama hodar iblis. Siffarsa kamar mararraba ce mai hanya uku, hodar kuwa a tsakiya take zama. Da ta shiga sai zaren ya naɗe, hasken sinadarin da aka liƙa masa ya sauya. A 2006 masana a Kalifoniya suka mai da wannan naɗewa alamar lantarki, wadda ke aiki ko a cikin miyau.

Sai dai tarkon yana da kwaɗayi. Bincike ya nuna daga baya cewa ya fi riƙe kwinin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, sau da yawa bisa yadda yake riƙe hodar da aka ɗana shi dominta.