Doki na wa, ragama a hannun wa?

Jawabin da aka gabatar a bikin cikar gidan sarauta shekara 100

 

Ba a ba da tarihin gidan sarauta a ƙasar Hausa a bar doki a baya. Sunayen sarautu kansu shaida ne: Madawaki, Sarkin Dawaki, Shamaki mai kula da barga, da zagage masu tafiya gaban dokin sarki. A ranar hawa ba a tambayar kowa takarda. Mai doki ya hau nasa, marar doki ya aro, sarki ya karɓi gaisuwar kowa. Amma da zarar an ce gasa za a yi, an kafa alƙalai, an ajiye kyauta, sai wata tambaya ta taso wadda hawan salla bai taɓa bukatar amsarta ba: wa ya cancanci shiga, kuma da wa za a gwada shi? A filayen sukuwa na Yamai da Maraɗi da Damagaram kowa ya san mai doki daban, mahayi daban. To, idan mutumin da ya yi kiwon dokinsa da hannunsa, ya ɗebo masa harawa, ya jiƙa masa dusa da kanwa, ya shigo fili ya tarar da gwanin da aka ɗauko haya, ai an gama gasar tun ba a fara ba.

Wannan matsala ce ta sa masu dawaki a Amurka da Turai suka raba mahaya gida biyu: ɗan sana'a, wanda doki ke ciyar da shi, da ɗan sha'awa, wanda shi ke ciyar da doki. A Faransa, mai son lasisin gasa na ƴan sha'awa sai ya ci jarrabawar hawa ta mataki na 7, wadda suke kira Galop 7. Amma inda dokar ta fi tsawo da tsauri shi ne Amurka.

A can akwai wata ƙungiya mai suna AQHA, wadda aka kafa a 1940, hedkwatarta a garin Amarilo na jihar Tekzas. Ita ce ke riƙe da rajistar wani jinsin doki da ya yi suna wajen gudun gajeren zango, kamar mita 400. A wurinta, ba a kiran mutum ɗan sha'awa sai ya cika shekara 19, kuma ranar 1 ga Janairu ake duba shekarun. Wannan kam ba zai wahalar da dattawan ƙasar nan ba, tun da yawancin waɗanda aka rubuta wa "an haife shi wajajen shekara kaza" ranar ce aka ba su. Sharaɗi na biyu, kada ya kasance ya karɓi lada cikin shekaru 3 da suka wuce don ya horar da doki, ko ya nuna shi a gasa, ko ya yi alƙalanci, ko ya koya wa wani hawa. Ladan kuwa ba lalle sai kuɗi ba. Ko da biyan bukata ce aka yi masa a madadin aikin, lada ce. Kyautar da ya ci a fili ba ta cikin lissafi.

Sharaɗi na uku shi ne wanda ya fi taɓa mutane: dokin ya zama nasa, ko na danginsa na kusa, kamar mata ko miji, ɗa, uba, kaka, jika, ɗan'uwa, kawu ko suruki, kuma sunan ya fito a takardar rajista. Dalili a fili yake. Ba don haka ba, da mai horon dawaki sai ya samo wani yaro ya ɗora a kan dokin da ya fi kowane, a ci kyauta, darajar doki ta hau a kasuwa, a raba riba a bayan barga. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Su kuwa rubuta shi suka yi ya zama doka. Duk da haka sun bar ƙofa ga sabon shiga, wanda aka yarda ya fara da dokin wani, sun kuma ware aji na musamman ga wanda ya kai shekara 50, don kada a haɗa dattijo da saurayi.

Ba kowace gasa ce ake hawa ba. Akwai wadda ake jawo doki da ragama kawai, ba sirdi, ba jalala, ba likkafa, a tsai da shi gaban alƙali ya dubi ƙirarsa: wuya, ƙirji, gadon baya, ƙafafu, da yadda yake taku. Wanda bai sani ba zai ce a nan mai riƙon ragama ba shi da wani tasiri, tun da doki ake dubawa. Masu barga sun san ba haka ba ne. Gwani na iya tsai da doki ya ɓoye karkatar ƙafa, ya sa shi ya miƙa wuya, ya ɗaga kunnuwa daidai lokacin da idon alƙali ya faɗo kansa. A hannun wani kuwa dokin nan ɗaya sai ya tsaya kamar wanda ya kwana da yunwa. Saboda haka masu dawakin Larabawa a Amurka suka yi aji biyu: ɗaya kowane ɗan sha'awa na iya riƙe ragamar, ɗaya kuwa sai ɗan sha'awar da dokin yake nasa ko na gidansu. Akwai ma wani aji da ba dokin ake ba maki ba, mai jan sa ake dubawa: tsabtar doki, tsayuwar mutum, da yadda yake juya dabbar ba tare da ya tare wa alƙali gani ba. Wani abin da zai ba mutanen ƙasar nan mamaki, AQHA ba ta yarda yaro ya shigo ajin yara da ingarman da ba a dandaƙe ba, alhali a nan ingarma ne dokin hawa, goɗiya kuwa ta haihuwa ce.

Duk wannan yana da kyau a takarda. Amma dokar ɗan sha'awa tana da wani tarihi da ya kamata a faɗa a gaban sarakuna, domin ba kullum aka kafa ta don kare mai ƙaramin ƙarfi ba. Akwai lokacin da aikinta shi ne hana bara ya tsaya sahu ɗaya da ubangidansa.

A wasannin Olimpik na Landan, a 1948, hafsoshin soja da manyan mutane kaɗai ke da izinin shiga gasar sarrafa doki, wadda Faransawa ke kira dresaj. Sojan da bai kai hafsa ba ana ɗaukarsa ɗan sana'a, wai don hawa aikinsa ne, sai ka ce hafsan sojan doki ba albashi yake ci ba. Ƙasar Suwidin tana da wani gwani, Gehnäll Persson, sarjan ne. Gab da wasannin sai aka ɗaga shi zuwa ƙaramin hafsa, ya hau tare da Henri Saint Cyr da Gustaf Adolf Boltenstern, suka ci zinariya. Da aka koma gida aka mai da shi matsayinsa na da. Ana ba da labarin cewa hularsa ce ta tona asiri, domin ta sarjan ya sa a fili. A 1949 aka karɓe zinariyar aka ba Faransa. Babu wanda ya ce Persson bai iya hawa ba. Laifinsa kawai galansa. Abin ya zama abin kunya har aka soke dokar, kuma a 1952 a Helsinki mutanen nan uku suka sake hawa suka ci zinariya, suka maimaita a 1956 a Istokholm.

Amurkawa ma sun yi gyara. Babbar hukumar wasannin dawaki ta ƙasar, USEF, wadda asalinta ya faro daga 1917, ba ta cire likitan dabbobi ko mai gyaran kofato daga ƴan sha'awa don yana cin abinci a gefen doki. Daga baya ta sassauta wa masu aikin barga, ta bayyana cewa wanda ake biya don ya share turke, ya wanke doki, ya yi masa tsefe, bai fita daga sahu ba. Iyakar tana nan wajen horo da hawa don lada.

A nan ne maganar ta dawo gida. Duk garin da ya yi niyyar shirya gasar nuna dawaki ba sai ya kwafi littafin Tekzas ba, domin dangi a ƙasar Hausa sun fi abin da takardarsu ta lissafa faɗi, kuma yaron da ya tashi a bargar gida shekara 20 ba za a ce masa bare ba. Dawakin fada ma ba na mutum ɗaya ba ne. Sarki na ba bafade doki ya riƙe, ya ciyar, har ya tsufa a turkensa, ba tare da an rubuta komai ba. Wannan sai an zauna an yanke: mai ciyarwa ne mai doki, ko mai bayarwa? Shaida kuwa ba ta wuya. Shamaki da masu unguwanni sun san turken kowane kili da kowane akawal, sun san wanda ke yi masa yankan ciyawa, sun kuma san mahayin da aka sauko da shi daga mota jiya da dare. Abin da ya rage ga masu shiri shi ne su yi shela tun da wuri, kafin kowa ya ɗaura sirdi, cewa aji biyu ne: na masu doki da ƴan gidansu, da na gwanayen da ake biya, kowane da kyautarsa, kuma a kira sunan mai riƙon ragama da lasifika kamar yadda ake kiran na mai doki.