Ina tuwo yake zuwa bayan mun haɗiye?

Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Bande

Yau za mu yi magana a kan narkewar abinci.

Lomar tuwo ba ta iya shiga jini yadda take. Sai an farfasa ta, ta koma ruwa. Masu wannan aiki suna cikin jikinmu, ido ba ya ganin su. Likitoci suna kiran su anzim. Kowane da aikinsa: mai farfasa hatsi ba ya taɓa mai, mai farfasa mai ba ya taɓa nama.

Aikin yana farawa a baki. Mutum yakan yi miyau kamar lita 1 a yini. A cikin miyau akwai amilaz, mai mayar da hatsi sukari. Ku gwada da dare: ku tauna tuwo ba miya, ku daɗe. Za ku ji ya fara zaƙi. Saboda haka mai tauna abinci sosai ya rage wa cikinsa wahala.

Daga baki sai tumbi. Can akwai ruwa mai tsami ƙwarai, da anzim mai suna pepsin. Shi ne yake fara yanka nama, ƙwai da wake. Abinci yakan yi awa 2 zuwa 4 a nan.

Daga nan sai ƙaramin hanji, mai tsawon kamar mita 6. Hanta tana aiko da ruwan ɗaci, ya watsa mai kamar yadda sabulu yake yi wa maiƙon ƙwarya. Sannan lipaz ya farfasa man gyaɗa da man shanu. Abin da ya narke ya shiga jini, ya zama ƙarfi. Saura ya fita.

To, ina amfanin sanin wannan?

Na ɗaya: jariri bai da isasshen amilaz a watanninsa na farko. Cikinsa bai shirya wa fura ko kunu ba. Nonon uwa kaɗai ya ishe shi har wata 6.

Na biyu: bayan wata 6 ana fara ba yaro kunu. In kunun ya yi kauri, ba ya iya haɗiya. Sai uwa ta ƙara ruwa. Yaro ya cika ciki da ruwa, abincin kaɗan ne. Ga ɗaya daga hanyoyin da tamowa take shigowa. Mun san ta a nan: a 2005, shekarar ƙarancin abinci, likitocin MSF suka fara kula da yara masu tamowa a Magarya.

Akwai dabara, kuma tana cikin rumbunmu. Hatsin da ya tsiro cike yake da amilaz. A 1833 masana 2 a Faransa, Payen da Persoz, suka fara fitar da shi, kuma daga tsiron sha'ir suka samo shi. Geronmu ma yana da shi. Ga yadda ake yi:

1. A wanke gero, a jiƙa shi ya kwana.
2. A shimfiɗa shi a tsabtataccen buhu mai laima, a rufe, kwana 2 ko 3, har ya tsiro.
3. A shanya a rana ya bushe sarai. A murje tsiron da saiwoyin, a sheƙe, a daka.
4. A dama kunu mai kauri, a sauke, ya ɗan huce.
5. A zuba ƙaramin cokali 1 na garin, a motsa. Ba da jimawa ba kunun zai saki, ba tare da ƙarin ruwa ba.
6. A mayar bisa wuta ya sake tafasa, don a kashe ƙwayoyin cuta.

Ku lura: kada a zuba garin cikin kunu yana tafasa, zafi mai yawa yana kashe amilaz. Kuma a yi da gero. Tsiron dawa yana da dafi, makiyaya sun san abin da yake yi wa dabbobi.

A ƙara wa kunun garin ƙuli-ƙuli ko na wake da ɗan mai, a ci gaba da ba da nono har shekara 2. Yaron da yake ramewa ko yake zawo, a kai shi gidan likita ba da ɓata lokaci ba.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa. Mu kwana lafiya.