Waƙar da aka yanke, ina ne gidanta?

Yau zancenmu kan waƙar da aka cire daga fim ne.

A 1991 kamfanin Disney ya fitar da katun ɗin Beauty and the Beast, bayan an yanke wata waƙa mai suna Human Again, don tana tsayar da labari. A 1994 aka mai da fim ɗin wasan dandali a New York, aka dawo da waƙar, ta kuwa zauna daram. Ganin haka, a 2002 sai suka cusa ta cikin katun ɗin. To ni a nan na ce a'a.

A dandali mawaƙi yana gabanka, ana tafi ana shewa, labari zai iya jira. A fim kuwa mai kallo so yake ya ga abin da zai faru, ba ya da wannan haƙurin.

Mu ma ai mun sani. Matashi a Gaya yana kallon fim ɗin Hausa a waya, waƙa na shigowa sai ya ja gaba da yatsa. Amma bari DJ ya saki waƙar nan a gidan biki a Ajingi, wallahi shi zai fara shiga fili, har da liƙi.